Romon Kwamanda

Shekara biyu Kwamanda na mulkin tsakar gidanmu.
Ya baza wutsiya, ya ja fiffike a ƙasa,
maƙoshi ja wur kamar tattasan Diffa.
Ya kori kaji daga kasko,
ya raka jikokin Magaram da gudu har zaure.
Mai garuwa ma sallama biyu yake yi:
ɗaya tamu, ɗaya ta talotalo.

Inna ta ce shi ne asusunta.
An taya jikka ashirin a Kasuwar Dole,
ta ce albarka,
ta saɓo abinta muka dawo Birni a ƙasa.

Sai ga Tasi'u daren Laraba
daga Jado, wurin haƙar zinariya.
Babu zinariya.
Jaka mai tsinkakken hannu, da tari,
da agogon da ke yawo a tsintsiyar hannunsa.
Inna ta dube shi,
ta dubi inuwar da ke kwance kan katanga.
Abin da ta ce kawai:
Zuwaira, jiƙa wake.

Rabin tiya na auna, fari, na gonar Mirriya.
Na tsince tsakuwa a hasken tocila,
masu ƙwari suka taso saman ruwa na kwashe.
Kwana uku famfo bai yi ko tari ba,
don haka ruwan wanki na juye wa kukar yaro
da ke bayan madafa.

Da asuba Malam Kanta ya zo da wuƙarsa.
Ban tsaya ba.
Na dai ji shirun da ya biyo baya.

Figa, babbaka, ƙaurin gashi har maƙwabta.
Na daddatsa gaɓa gaɓa,
ƙashin baya da wuya na fara jefawa,
can daɗin romo yake ɓuya.
Albasar Galmi uku, tafarnuwa,
citta, masoro, kimba ɗaya tak.
Daddawa Inna ta ƙwace turmi ta daka da kanta,
wai hannuna bai san nauyinta ba tukuna.

Tsohon talotalo ba ya jin lallashi.
Yadda ya yi taurin kai a raye
haka ya yi a tukunya.
Na tura itace, na yaye kumfa,
na tura itace.
Rana ta hau kan duwatsu, ta zauna.
Sai da aka kira azahar tsoka ta fara sakin ƙashi.

Sannan wake ya shiga, da ɗan ƙwayar kanwa.
Gishirin Balma sai daga baya,
in ka gaggauta shi wake ya ƙi ka.
Kauɗar tumatir, cokalin man gyaɗa.
Na janye wuta, na bar garwashi
ya yi magana da tukunya a hankali,
ɓul,
ɓul,
har ruwan ya yi kauri, ya kama bayan ludayi,
rabin waken ya narke, rabi ya tsaya da ƙafarsa.

Tasi'u na kan tabarma, bayansa a bango.
Ya ce ba ya jin yunwa.
Inna ta ajiye kwanon, ta gutsura burodi,
ta juya tana gyaran tsintsiyar da ba ta lalace ba.

Kurɓi ɗaya.
Ya daɗe riƙe da cokali.
Na biyu, gumi ya tsattsafo masa a goshi.
Can ya ce: a Jado har mafarkin wake nake yi.
Ya yi dariya, tari ya katse ta,
ya miƙo kwanon.

Na kai wa Magaram nata, da cinya guda,
ladan gudun da jikokinta suka sha.

Da la'asar kaji suka zo bakin kasko
suka tsaya, suna waige.
Mai garuwa ya yi sallama,
ya jira,
ya sake yi.
Tasi'u ne ya amsa ta biyun, da baki cike.